Ɗan Azumi da Taba Mai Zoben Zinariya

Ɗan Azumi bai taɓa kunna taba a bakinsa ba, amma fiye da shekara arba'in ita ce ta ciyar da gidansa. A Madarumfa an san shi da abu biyu: ganyensa ba ya ruɓewa, kuma shi ba ya sayen magana. In ka ce masa ga hadari can ya taso daga gabas, sai ya ce to, ya ci gaba da aikinsa har ɗigon farko ya sauka a ƙeyarsa. In mai sayar da taki ya rantse masa da Allah, sai ya ce ya ji rantsuwa, yanzu a kwance bakin buhu.

Cikin watan azumi aka haife shi, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ubansa manomin taba ne a fadamar bakin tafki, kuma ba mai yawan bayani ba ne. Da hannu ya koya masa komai. Irin taba ƙanana ne kamar ƙura, sai an gauraya shi da toka ake yafawa. Bayan damina a dasa, a yi ta ban ruwa cikin sanyi, a karya kan shuka don ganye ya yi faɗi, a bar kaɗan su yi fure saboda tsofaffin mata masu son jan haƙori. In an yanko ganye, uban yakan tsaga jijiyar tsakiya da farcen babban yatsa tun daga gindi har rabi, don ta bushe tare da sauran ganyen, sannan a jera a igiyar kaba a rataye a rumfa. Sauran manoma huda jijiyar suke yi da basilla, ya fi sauri. Gidansu Ɗan Azumi kaɗai ke tsagawa, har farcensa na hagu ya yi kauri ya yi baƙi kamar ƙahon akuya. Daga rumfa sai a tara ganyen tsibi guda, a lulluɓe da tabarmi. Kullum safe mutum ya cusa hannu cikin tsibin har gwiwar hannu. Zafin da ya ji shi zai gaya masa ko a juya ko a bari. Kwana ɗaya ka yi lalaci, aikin wata huɗu ya zama taki.

Tari ne ya kashe uban, kuma Ɗan Azumi bai taɓa yaudarar kansa kan inda tarin ya fito ba. Liman ma ya sha yin wa'azi a kan taba yana kallon sahun da yake. Da shekaru suka ja, ya rage ta zuwa kusurwa ɗaya ta lambun, sauran ya zuba albasa da tattasai da zogale. Bai bar ta duka ba, bai kuma taɓa yabon ta ba. Yakan ce aiki ne ya tarar, kuma ya iya shi.

Lambun da ke jikin nasa na Mansur ne, ɗan ƙanwarsa marigayiya. Mansur ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar mutane a moto, wato babur, tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa, bai da haƙurin shuka. Matarsa Firdausi ce ke riƙe da lambun, zogalenta ake ɗauka har Maraɗi, da shi ake cefane, da shi 'ya'yansu uku ke zuwa lekol, makarantar boko.

Wata safiya cikin sanyin bara, Ɗan Azumi na tsugune gaban injin ban ruwansa da ya ƙi tashi, sai Firdausi ta tsallako shinge ta durƙusa. Ta gaishe shi, ta sake gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi ƙafa.

"Faɗi abin da ya kawo ki," ya ce. "Gaisuwa ta isa."

"Kawu, jiya wani ya zo yana auna lambunmu da takun ƙafa."

"Wa ya kawo shi?"

"Maigidan. Ranar Alhamis za su je gun mai unguwa a rubuta takarda. Wai taba zai saya da kuɗin."

Ɗan Azumi ya ajiye sifana. "Taba? Ga taba nan a rumfa, ya zo ya ɗiba kyauta."

"Ba irin taku ba. Ta cikin akwati. Wai kara ɗaya ya fi buhun gero."

Ranar Talata ce. Sai da ta miƙe za ta tafi ya ce ta shayar da zogalenta kamar kullum.

Da hantsi ya tare Mansur a tashar 'yan kabu-kabu. Mansur bai musa ba, har ma ya yi murna da ya samu mai saurare. Ya ce akwai wani Ɗan Baba a Ɗan Issa, da can canji yake yi, yanzu ya samu hanyar kaya daga ƙetare. Akwati biyar suka rage masa na wata taba da aka yi guda ɗari biyar kacal a duk duniya. A manyan otel na Yamai akwai Larabawa da 'yan Sin da manyan ma'aikata da ke neman ta ido rufe. In ya kai, kuɗinsa zai ninka biyu cikin sati, ya sayi mota, ya sayi lambu wanda ya fi wannan.

"In haka ne, me ya hana shi Ɗan Baban ya kai da kansa? Ƙafarsa ta karye?"

"Kawu, ba ya iya barin shago."

"Kuma duk Ɗan Issa, garin 'yan kasuwa, babu wanda ya ga wannan alheri sai ɗan kabu-kabu."

"Mutumina ne. Kullum ni nake ɗaukarsa."

"Tayar da moto," in ji Ɗan Azumi. "Ni ma ina so in ga mutuminka."

Ya koma gida ya ɗauko kuɗin da ya ware don gyaran inji, ya ɗaure a lalita. Bai san abin da zai yi da su ba. Ya dai san mai wofin aljihu ba a ba shi damar taɓa kaya.

Shagon Ɗan Baba na bayan ofishin duwan, wato kwastan, ƙarami ne amma an shafe shi da fenti, ga fanka, ga kujerun roba. Mai shagon saurayi ne mai ƙiba, shaddarsa na sheƙi, agogonsa ya fi ƙarfin wuyan hannunsa. Ya tarbe su da hannu biyu.

"Wannan shi ne Kawun? Sannu da zuwa, Baba. An ce kai ne sarkin taba na Madarumfa."

"Ba a naɗa ni ba. Ina kayan?"

Ɗan Baba ya yi dariya, ya jawo wani akwatin katako daga cikin kanta, ya buɗe a hankali kamar mai buɗe kayan lefe. Kara goma a jere, kowane ya kai kaurin babban yatsa, tsawonsa ya kai taƙi, launin ƙasa mai duhu. Babu takarda a jikinsu, ganye ne tsantsa aka naɗe, sai wani zobe mai ruwan zinariya a wuyan kowane. Ya ce Faransawa sigar suke kiran ta. Ya nuna lamba a murfin akwatin, ɗari biyu da sha huɗu cikin ɗari biyar. Ya ce daga wani tsibiri take can bayan teku, shekara bakwai ganyen ya yi a ajiye kafin a naɗe shi. Hawa uku ce: dogayen ganye a ciki, ganye mai ƙarfi ya ɗaure su, sannan riga ta waje. In ka kunna, farkonta ɗanɗanon gasasshen kofi, tsakiyarta zuma da dabino, ƙarshenta ƙanshin sabuwar fata. Tokarta fara ce, ba ta faɗuwa sai ta kai tsawon gaɓar yatsa.

"Ka sha?" in ji Ɗan Azumi.

"Ni? Baba, kara ɗaya dala dubu huɗu, jaka ashirin ke nan ta sefa. Ina ni ina ƙone wannan?"

"To wa ya gaya maka da dabino a ciki?"

"A rubuce yake." Ya miƙo salula, ga hoton akwatin, ga rubutu, ga farashi.

"Ban iya karatun boko ba. Miƙo taba."

Ya goge hannu a riga ya karɓi kara ɗaya. Nan ne zuciyarsa ta ɗan karaya. Ya zo da shirin ganin shara, sai ga shi riƙe da aikin da bai taɓa ganin irinsa ba. Ganyen wajen siriri ne kamar fatar albasa, yana da maiƙo, jijiyoyinsa sun kwanta luf. Ya matsa daga kai har gindi, ko'ina tauri ɗaya, ba rami ba ƙulli. Ya kai hanci. Ba dabino, ba zuma, amma akwai ƙanshin ganyen da aka juya a kan lokaci, shekara da shekaru, ba a taɓa barinsa ya ƙone a tsibi ba. Wanda ya yi wannan ya fi shi, ya fi ubansa. Ya tsaya yana juya karan, yana tambayar kansa ko dai tsufa ne da hassada suka kawo shi, ko yaron nan da gaske ya gamu da arzikinsa shi kuma ya zo ya tare masa hanya.

"Kawu, ka gani?" in ji Mansur, fuskarsa duk haƙora.

"Na gani. Aiki ne." Ya mayar da karan wurinsa. "Wannan akwatin za ka ba shi?"

"Wannan na nuni ne. Nasa suna ciki, da hatiminsu, ko iska ba ta taɓa su ba."

"A fito da su iska ta taɓa su."

Ɗan Baba ya shiga ciki ya fito da akwati biyar a naɗe cikin leda. Katako iri ɗaya, hatimi iri ɗaya. Ɗan Azumi ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga na nunin. Nauyin kusan ɗaya. Ya ce a buɗe.

"Haba Baba. In aka fasa hatimi ai daraja ta zube. Wa zai sayi buɗaɗɗen akwati?"

"Yaron nan zai ba da ƙasar ubansa a kan abin da bai gani ba?"

"Amana ce tsakanina da shi. Ko ba haka ba, Mansur?"

Mansur ya sunkuyar da kai. "Kawu, don Allah kada ka ɓata mini ciniki."

Ɗan Azumi ya kwance lalita, ya zube kuɗin gyaran inji a kan kanta. "Kara ɗaya nake so. Ga kuɗinsa, ban nemi ragi ba."

Hannun Ɗan Baba ya nufi akwatin nuni.

"A'a. Daga wancan. Na ƙasa."

Maganar ta riga ta jawo mutane. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ke shan shayi a gefe ya leƙo, masu canji biyu suka tsaya a bakin ƙofa. Direban ya ce, "Kai Ɗan Baba, tsoho ya biya, ka ba shi kayansa mana. Ko aljani ka rufe a ciki?" Aka yi dariya. Ɗan Baba ya dubi kuɗin, ya dubi mutanen. Ya ce in Mansur ya yarda akwatin ya zama nasa ko an fasa, shi ba ruwansa. Mansur ya ce ya yarda. Aka yanka leda, aka fasa hatimi.

Kara goma, zobe goma. Daga nesa ba ka raba su da na farko. Sai dai a jikin kowane akwai wata farar ƙura siririya, kamar an yayyafa gari.

Ɗan Baba ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Mansur, kai mai sa'a ne. Ka ga wannan farin? Ba ya fita sai a tabar da ta tsufa ƙwarai. Man ganyen ne yake tsatsowa. Turawa har ƙarin kuɗi suke yi a kansa." Ya sake lalubo salula, ya nuna hoton wata taba mai farin ƙura a jiki. Direban ya duba ya ce lallai ga shi nan.

Ɗan Azumi bai kalli hoton ba. Ya ɗauki kara ɗaya, ya shafa farin da ɗan yatsa, ya kai harshe. Ya sake shafawa, ya miƙa wa direban yatsan.

"Kana cin taba?"

"Shekara ashirin."

"Lasa."

Direban ya lakato da nasa yatsan ya lasa, ya yamutsa fuska, sai ya fashe da dariya. "Wallahi kanwa ce!"

"Kanwa ce," in ji Ɗan Azumi. "Mutanen tsibirin nan ashe har Ɗan Issa suke aikowa a sayo musu kanwa."

Ya san yadda aka yi tun kafin ya fasa. Busasshen ganye ba ya naɗuwa, sai an jiƙa shi. Duk wanda ya tashi cikin aikin tabar ci a ƙasar nan, in aka ce ya jiƙa ganye, da ruwan kanwa zai jiƙa, haka ya ga ana yi, don ta yi laushi ta yi kaifi a baki. Wanda aka sa ya naɗa waɗannan ya yi abin da hannunsa ya saba. Da karan ya bushe cikin akwati, kanwar ta fito fili.

Ya zare zoben zinariyar ya ajiye gefe. Ya sa baƙin farcen nan nasa ya tsaga karan daga kai har gindi, ya buɗe shi a kan kanta. Babu hawa uku. Ganye ɗaya mai ɗan kyau a waje, an shafa masa wani abu ya yi duhu. Cikin kuwa gutsattsari ne, da kara, da gari, da ɗan zaren kaba guda. Ya baza su da yatsa yana nuna wa Mansur.

"Ga kofinka. Ga zumarka. Dabinon ne ban gani ba, wataƙila yana cikin na biyu."

Sai yatsansa ya tsaya. Ya ɗago wani guntun ganye mai jijiya, ya kai kusa da ido. Jijiyar ba huda ta aka yi da basilla ba. A tsage take, tun daga gindi.

Ya tuna. Bayan girbin da ya wuce wani baƙo ya zo da amalanken jaki ya ce yana son ganyen ƙasa, wanda ke jan turɓaya, wanda ko masu tabar gari ba sa so. Ya kwashe duka bai yi ciniki ba. A lokacin Ɗan Azumi ya tsargu, ya bi amalanken da kallo har ya sha kwana, amma ya karɓi kuɗin ya sa aljihu bai tambaya ba.

"Wannan ganyena ne," ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba. "Daga rumfata ya fito. Buhu guda na sayar da shi, kuɗin bai kai na kara ɗayan nan ba."

Ɗan Baba ya fara rantsuwa. Shi ma cutarsa aka yi, wani ne ya kawo masa daga can ƙetaren iyaka, shi bai taɓa buɗewa ba, a tambayi kowa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa ƙarya. Ɗan Azumi bai tsaya rarrabewa ba, ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Direban ya ce a mayar wa tsoho kuɗinsa. Ɗan Baba ya ce ai kaya an fasa, kuma Mansur ya ce akwatin nasa ne. Hayaniya ta tashi, masu canji suka shiga, aka ƙare a kan Mansur ba zai ɗauki akwati ba, kuɗin kara ɗaya kuma ya zauna.

"Bar masa," in ji Ɗan Azumi. "Na saya, na ga abin da na saya." Ya tattara gutsattsarin a cikin hularsa, ya ɗauki zoben. A bakin ƙofa ya waiwaya ya dubi akwatin nuni, wanda ke da na gaskiyar. Ya so ya sake riƙe kara ɗaya ko na minti guda. Bai roƙa ba.

Har suka iso Madarumfa Mansur bai rage wuta ba. Gudu yake yi, yana faɗa wa ramuka da gangan. Ya sauke kawun nasa a ƙofar gida, ya juya moto. Ba godiya, ba sai an jima. Ɗan Azumi bai yi mamaki ba. An ƙwace wa mutum mota da sabon lambu a gaban jama'a, ko da a cikin kansa kaɗai suke, ba ranar zai gode ba. Abin da ya dame shi shi ne bai san ko maganar ta mutu ba. Mai son sayar da ƙasa, in wannan hanya ta toshe, yakan samo wata kafin Alhamis.

Laraba ya wuni yana ɗibar ruwa da bokiti daga rijiya, tunda kuɗin inji sun tafi. Bayansa ya riƙe. Firdausi na can cikin zogalenta, ba ta tsallako ba, shi ma bai tambaye ta ba.

Alhamis da safe ya ga mai sayen lambun ya zo, da babbar riga da takarda a hannu, ya tsaya a bakin shinge. Ɗan Azumi ya ajiye bokiti. Can sai ga Mansur a moto. Suka tsaya su biyu suna magana, nesa ta hana shi ji. Mutumin yana ɗaga hannu, yana nuna takarda, Mansur yana kallon ƙasa. Aka daɗe. Daga baya mutumin ya naɗe takardarsa ya cusa a aljihu, ya tafi yana kaɗa kai.

Mansur ya shiga lambunsa, ya cire tiyo daga injinsu, ya ɗora injin a kafaɗa, ya tsallako shinge. Ya dire shi a bakin rijiyar kawunsa, ya haɗa, ya ja igiya sau uku ya tashi. Ruwa ya bi magudana zuwa albasa.

"Mai ya kusa ƙarewa a ciki," ya ce, bai ɗago ba.

"Zan zuba."

"In ka gama, uwar yara za ta shayar da yamma."

"To."

Ya tafi aikinsa. Lambun yana nan har yau, zogalen Firdausi ya fi na kowa a layin.

Bana da aka yanke taba, baƙon nan mai amalanke ya dawo neman ganyen ƙasa. Ya tarar Ɗan Azumi ya riga ya turbuɗe shi cikin kunyar tattasai. Ya ce da ya sani da ya ƙara kuɗi. Ɗan Azumi ya tambaye shi me ake yi da ganyen. Mutumin ya ce maganin ƙwari. Ɗan Azumi ya ce to, ya shiga rumfa ya ɗauko zoben zinariyar nan daga kan ƙusa, ya ɗora masa a tafin hannu, ya koma ya cusa hannu cikin tsibin ganyensa don ya ji ko lokacin juyi ya yi.